Inshorar lafiya: halal ko haram? Yadda aka kwashe a gurup ɗin ƙauyenmu

Baban Sadiƙ: Jama'a raina a ɓace yake. Matar ƙanena na durƙushe da naƙuda a wani asibiti, aka ce sai an kawo kuɗin safar hannu da ledar ƙarin ruwa kafin a taɓa ta. Sai da muka kai akuya kasuwar Gujungu. Annabi (SAW) ya ce shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi kan kiwonsa. Lafiyar talaka haƙƙi ce a wuyan mai mulki. Tun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta wajibi, ina take a ƙauye?

Na'ibi: Ka fara da hadisi ka ƙare da inshora? Garari ne. Ka zuba kuɗi ba ka san za ka kwanta ciwo ko a'a ba, ina marabarsa da caca?

Ɗan Jahun: Allah gafarta Malam, wannan taimakekeniya ce, mai lafiya ya ɗauki nauyin maras lafiya. Shi ya sa JICHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Jigawa, take kiran kuɗin gudummawa.

Na'ibi: Sauya wa giya kwalba ba ya halatta ta.

Malamin Firamare: To umarar da kuka je, kuɗin inshora na cikin biza. Saudiyya ma caca take?

Alhaji Ƙarami: Kai yaro, ka iya bakinka. Da kuɗinka ya je? Ku da ake yankar albashinku kowane wata ku ne da kati, mu manoma fa?

Malamin Firamare: Kawu, ai ku ko zakkar riɗin bana ba mu ga kun fitar ba.

Alhaji Ƙarami: Ubanka ya san inda nake kai zakkata, tambaye shi.

Ɗan Jahun: A 2001 a Abuja aka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Wannan ya kamata mu bi.

Alhaji Ƙarami: Lokacin Sule Lamido ba haka asibiti yake ba.

Malamin Firamare: An zo wurin. Dama PDP ce ke cinka.

Baban Sadiƙ: Ba wanda ya tambayi ko ta sauka. Ta sauka, mace.

Admin: Barka, Allah ya raya. Taƙaitawa: Malam Na'ibi ya kawo hujja, ba wanda ya iya ture ta, sauran duk surutun 'yan boko ne. Malamin Firamare ya ba Alhaji haƙuri kafin Isha ko in cire shi. An rufe gurup sai da safe.