Wasan sallah na almarar kimiyya don tele: ta ina za mu kama?

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum manya. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a nan Yamai na son shirya wasa na minti 26 da za a nuna a tele ranar sallar layya. Labarin: wani baƙo daga wata duniya ya sauka bayan gari daren jajibiri, yara suka ɓoye shi a garken ragunan sallah. Kamara ɗaya gare mu, sati takwas ya rage, kuɗi kuma ba yawa. Yaya za mu raba aikin?

Inna Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da takarda. Shafi ɗaya na rubutun wasa kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan shafi 24 zuwa 26 kake nema. Kada wurare su wuce huɗu: tsakar gida, garke, titin unguwa, wurin saukar baƙo. Masu magana shida sun isa.

Inda irin wannan wasa yake karyewa shi ne a mai da shi kwandon tarkace, a cusa waƙa nan, barkwanci can, gaisuwar sallah ta masu talla a tsakiya. Haka aka yi wa shirin biki na fim ɗin sararin samaniya Star Wars da tashar CBS ta Amurka ta nuna a 1978: awa biyu, da waƙe-waƙe, da dogon zance cikin gurnanin halittu babu fassara. Sau ɗaya aka nuna shi, ba a maimaita ba. Don haka baƙonku ya samu hanyar magana da mutane kafin minti na biyar, ko da alamar hannu ce. Sallar kuma ta zama ita ke tura labarin: gobe da safe mai gida zai shiga garke da wuƙa, yaran suna da dare ɗaya tak. Ka tuna da kaka da jikoki za a kalla, ana suyar nama, hankali rabi a tele rabi a tukunya. Abin tsoro kaɗan, dariya da yawa.

Wajen zaɓen ƴan wasa, wanda zai sa kayan baƙo ba fuskarsa ake nema ba, jikinsa ne. Nemi mai rawa ko ɗan wasan daɓe, ka rufe masa fuska ranar gwaji ka ce ya nuna yunwa, tsoro da mamaki. Yara kuwa a samu yardar iyayensu a rubuce, a ɗauke su da safe, kada a wuce awa huɗu.

Mai Kamara na Haro Banda:
Gaskiyar Inna. Ga ɓangaren ɗauka, Malam. Da kamara ɗaya za ka samu minti 3 zuwa 4 masu kyau a wuni, wato kwana bakwai ko takwas. Saita ta hoto 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kamara a kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa, saboda kuran ɗinmu 50 Hz ne. In ka bar ta a 30 fitilu za su riƙa ƙyafta ido a hoton. Gurup, wato injin wuta, shi ma yana jawo haka in ba ya gudu daidai, ga ƙara. Ajiye shi aƙalla mita 30 bayan katanga, ko ka koma fitilun LED masu batir.

Duniyar baƙo ba sai ka gina ta ba. Tuddan jan dutse na hayin kogi sun ishe ka, a ɗauka da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Tsakar rana kamara kan yi zafi ta mutu da kanta, wanda ya sa kayan baƙo na soso kuma zai iya suma. A cire masa hular duk minti goma. Takardar izinin ɗauka ka neme ta tun makon farko, jirgi marar matuƙi kuwa kada ka tashe shi sai da izininsa na daban.

Koren ƙyalle, wanda ake ɗaukar ɗan wasa gabansa don a sauya bayansa da wani hoto a kwamfuta: a goge shi, a ɗaure shi tamau, fitila biyu gare shi shi kaɗai, ɗan wasa ya tsaya mita 2 zuwa 3 gabansa. Kada a yi wa baƙo kaya masu ƙyalli irin takardar alminiyam, za su kwashi koren, wajen montaj, wato haɗa hotuna bayan ɗauka, jikinsa ya fito da ramuka. Rago kuma ba ya jin "a sake". A hana shi harawa na ɗan lokaci, a ɓoye dusa inda ake so ya dosa, a bar kamara tana ta gudu.

Ɗan Bukoki:
Na gode ƙwarai. To jirgin da baƙon zai sauka da shi fa? Wani ya ce a zana shi a kwamfuta da manhajar Blender.

Baban Montaj, Tawa:
Yi lissafi tukuna, ɗana. Daƙiƙa 10 hoto 250 ne. In kwamfutarka na cin minti 3 kan kowane hoto, awa goma sha biyu da rabi ke nan, in ba a ɗauke wuta ba. In ka nace, ka fitar da su hoto-hoto, don in ta yanke ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Ni dai ƙaramin jirgi na hannu na fi so: ƙwarya biyu a kife, fentin toka, ƙananan fitilu a ciki, a rataye da zaren kamun kifi gaban baƙin ƙyalle, a ɗauka da hoto 50 a daƙiƙa sannan a sassauta, sai ya yi nauyi a ido. Marigayi Mustafa Alasan, mai shirya finafinai, a nan Tawa ya yi ta motsa ƴan tsana gaban kamara har ya yi suna a duniya. Kada jirgin ya bayyana fiye da sau uku. Sauran a bar wa haske a fuskar yara da ƙura mai tashi.

Ware wa montaj sati uku, manhajar montaj ta DaVinci Resolve ta kyauta ta isa. Sauti a 48 kHz, kuma ku naɗi minti ɗaya na shirun kowane wuri kafin ku tashi. Tun yanzu ka je tashar, Télé Sahel ce ko mai zaman kanta, ka karɓo a rubuce irin fayil ɗin da suke karɓa, da ranar ƙarshe ta miƙawa, da inda za su yanka don talla.