Zaɓen shirin MD-PhD a Amurka: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga wata tattaunawa kan yadda ake zaɓen shirin MD-PhD, wato karatun da ke haɗa digirin likita da digirin PhD na bincike:

1. Kusan kowa ya ce a duba malaman bincike kafin sunan jami'a. A samu aƙalla uku, don malami kan canja sheƙa.
2. Tafiyar shekara 7 zuwa 8 ce. Tambayi ɗaliban wurin nawa suke ɗauka a zahiri.
3. Kuɗin NIH (hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka) a shirin MSTP (MD-PhD ɗin da take tallafawa) na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Baƙo ya bincika kafin ya biya kuɗin AMCAS, wato tsarin neman gurbi a makarantun likita.
4. Nan aka rabu: wasu sun ce haya za ta cinye alawus a Boston, gara ƙaramin gari, wasu kuma sun ce ɗakunan binciken can sun cancanci wahalar. Ni dai na farkon ya fi kwanta mini.