Neman shawara: yadda zan tsara neman takardu don bita mai tsari

Ɗalibar digiri na biyu, Samaru: Salamu alaikum malamai. Ina bita mai tsari (systematic review, wato tattaro da tantance duk binciken da aka riga aka yi kan batu bisa tsayayyun matakai) kan yadda ɗaliban jami'o'in Najeriya ke amfani da laburaren intanet. Google Scholar na jero min dubban takardu, mai duba aikina kuma ya ce dole wani ya iya bin sawuna ya samu abin da na samu. Ta ina zan fara?

Ma'aikacin laburare: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki ɗora aikin kan Google Scholar, ba ya buɗe miki sama da sakamako 1,000, jerin kuma yana sauyawa. Raba tambayar gida uku: ɗalibai, laburaren intanet, Najeriya. A kowane gida ki tara kalmomi masu ma'ana ɗaya ki haɗa su da OR, sannan ki ɗaure gidajen da AND. In kin rubuta librar* zai kamo library da libraries gaba ɗaya. Ki fara da rumbunan takardun bincike: LISTA na fannin laburare, sai Scopus na fannoni daban-daban da ERIC na fannin ilimi. Ki guji NOT, yana zubar da takarda mai amfani don kawai kalmar ta gilma a cikinta.

Malama a sashen: Gidan Najeriyan nan ne ke ba mutane wahala. Marubutanmu da yawa ba sa sa Nigeria a take, sai dai su ce Kaduna State ko Ahmadu Bello University. Don haka ki zuba sunayen jihohi da na manyan jami'o'i a wannan gidan. Mujallunmu na gida kuwa akasarinsu ba sa cikin Scopus. Ki shiga AJOL, shafin mujallun Afirka na intanet, ki bi Samaru Journal of Information Studies fitowa bayan fitowa da idonki. Kundayen digiri da ke Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ma kada ki tsallake su.

Ma'aikacin laburare: Gaskiya ne Malama. Sai gwaji: ki ware takardu goma da kika tabbatar sun dace, ki ga ko tsarin naki ya kamo su. Wadda ta kuɓuce, ki duba kalmar da marubucinta ya yi amfani da ita ki ƙara. Alamar neman kalmomi biyu kusa da juna ta bambanta, W/3 a Scopus, N3 a EBSCO (dandalin da LISTA ke kai), kada ki kwafa kai tsaye daga wannan zuwa wancan. Kowane nema ki rubuta sunan rumbun, kwanan wata, cikakken layin kalmomin da adadin da ya fito, PRISMA 2020, ƙa'idar rubuta rahoton bita mai tsari, zai buƙace su. Ki cire maimaici a Zotero, manhajar adana madogara, kafin ku fara tantancewa a manhajar Rayyan, ke da wani, kowa daban.