Neman shawara: yaya ake shirya Ranar Lissafi ba tare da rigima ba?

Ɗalibi ɗan aji uku:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ƙungiyar ɗaliban sashen lissafi ta ɗora mana shirya Ranar Lissafi ta Duniya, 14 ga Maris. Muna son gayyato makarantun sakandare 6 su yi gasar kacici-kacici. Saura mako 7, kuɗin hannunmu kuma ba yawa. Ta ina za mu fara, kuma me ya fi ɓata irin wannan taro?

Malami a sashen lissafi:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, takarda tukuna. A rubuta wa shugaban sashe ta hannun malamin da ke kula da ƙungiyar, a kai kwafi ofishin harkokin ɗalibai da na masu tsaro. Zaure a kama shi a rubuce, don alkawarin baki ba ya hana wani malami sa jarrabawar gwaji a ciki. Wasiƙar makarantu a kai ta hannu da hannu wata guda kafin ranar, a nemi ɗalibai 3 da malami 1. Ku ce 'yan SS2, don 'yan SS3 hankalinsu na kan WAEC da JAMB.

Rigimar kuwa daga tambayoyi take tasowa. Makarantu 6, zagaye 3, tambaya 3 ga kowa a kowane zagaye, 54 ke nan. Ku tanadi 70 saboda kunnen doki da wadda za a soke. Kowace tambaya malamai biyu su warware ta daban-daban ba tare da ganin amsar ba. Wadda suka saɓa a kanta, a jefar. A rubuta duk siffofin amsar da za a karɓa: yaro ya ce 0.5, takarda ta ce 1/2, alƙalin da bai shirya ba ya ce ya faɗi, nan malamin makarantar zai miƙe. A karanta dokoki kafin a fara: daƙiƙa 60, ba kalkuleta, tambayar da aka kasa ta wuce ga na gaba a rabin maki. Kada ɗalibin da ya gama ɗaya daga cikin makarantun ya riƙe agogo ko allon maki.

Wata malama:
Malam ya gama magana kan gasa. Sai dai yara 18 ne ke fafatawa, saura zaman kallo suke, to a ba su abin taɓawa. An zaɓi ranar ne saboda π (pi), adadin da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗin tsakiyarta, wato kusan 3.14 (wata na 3, rana ta 14), UNESCO ta amince da ita a 2019. A kawo faifai, murfin tukunya da tire, a auna kewaye da zare, a raba da faɗin tsakiya. Zaren da ke miƙewa yana ɓata adadin, rular da ta kauce wa tsakiya kuma tana ƙara shi.

Wanda ya fi jan jama'a shi ne gwajin allurar Buffon, da ashana. A zana layuka a kwali, tazararsu daidai tsawon tsinken. A riƙa watsawa, ana ƙirga waɗanda suka hau layi. A ninka jimillar jifa sau 2, a raba da waɗanda suka hau, za a samu adadi kusa da π. A jifa 500, kusan 318 ake sa ran su hau. Ƙasa da 100 sakamakon yawo yake, ka ga 2.8 ko 3.5, don haka a tara na kowa a allo ɗaya.

Ɗalibin digiri na biyu:
Ku ƙara teburin hatimi, wato jera lambobi a gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimilla iri ɗaya. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan wannan fanni. A ba yara gida 9 su jera 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15; masu kaifi a ba su gida 25 su jera 1 zuwa 25, kowane layi ya ba da 65. Kuma ku duba kalanda: in ranar ta faɗo Juma'a ko cikin azumi, a fara ƙarfe 9 a tashi kafin 12. Man janareta da batirin makirufo a sa su a kasafi tun yanzu.