Gwamna ne shugaban tsaro, to me ya sa sai an jira Abuja?

Ɗan Ƙofar Soro: Jama'a, ana kiran gwamna shugaban tsaron jiha, amma da 'yan bindiga sun fito daga dajin Rugu da ke jihar Katsina sai a ce ana jiran Abuja. Ina gizo ke saƙar? Mu talakawa kuma mene ne namu?

Yaya Babba: Ƙanena, tsarin mulkin 1999 ne. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Sashe na 215 ya bar gwamna ya umarci kwamishinan 'yan sanda, amma kwamishina na iya neman a kai maganar gaban shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Sojoji kuwa, sashe na 218 ya damƙa su hannun shugaban ƙasa. Shi ya sa Gwamna Raɗɗa na jihar Katsina ya kafa askarawan tsaron al'umma a 2023, 'yan gari da suka san kowane burtali.

Hajiyar Batsari: Malam, namu shi ne rahoto, kuma nan muke kuskure. "Sun zo" ba rahoto ba ne. Faɗi babura nawa, mutum nawa a kan kowanne, ƙarfe nawa suka wuce, ina suka dosa. Sanar da mai unguwa ko jami'in da ka yarda da shi, ko ka kira lambar gaggawa ta 112. Kada ka watsa a WhatsApp, masu kai musu labari suna ciki.

Baban Jibiya: Gaskiya ne, Hajiya. A kuma sa ido kan mai sayen fetur jarka-jarka da burodi buhu guda da magariba. Ba a kama shi a daka, hukuma ake sanarwa, don ta bakinsa ake gano sauran.