Sitiyarin MF 165 ya yi tauri, wai sabon famfo jabu ne

Mai Tarakta: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Taraktata Massey Ferguson (MF) 165 ce mai injin Perkins. Da safe sitiyari lafiya lau, amma da ta yi awa guda tana haro sai ya ɗaure, sai an sa hannu biyu, musamman a sulo. Aka ce famfon da ke tura man sitiyari ne, aka ɗaura sabo, kwana tara ciwon ya dawo. Ga ruwa ya zauna, masu gonaki suna jiran layi. Ni dai na ce duk famfon sitiyarin da ke kasuwa yanzu jabu ne. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Bakaniken Dizal: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Da aka cire tsohon famfon, an wanke tiyo biyun da silinda? In famfo ya ci kansa, garin ƙarfensa yana nan kwance a hanyar mai. Sabon yana fara aiki zai zuƙo shi, ya karce haƙoran giyarsa ko ya maƙale a bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai. A buɗe gwangwanin da ke jikin famfon, a zaro filta, a shafa man a farin ƙyalle a duba ko yana ƙyalli.

Mai Shagon Kayan Tarakta: Alhaji ka janye kalmar jabu. Jabu shi ne a buga sunan wani kamfani a kwali alhali ba shi ya yi ba. Famfon Turkiyya ko Indiya da aka sayar maka da sunansa ba jabu ba ne. Kaya aji-aji ne, kowa da kuɗinsa.

Direban Haya: Abin da bai ga ƙarshen damina ba jabu ne, ko daga ina ya fito.

Mai Shagon Kayan Tarakta: To in direba ya danne sitiyari a ƙarshen kwana yana ba da wuta har famfo ya riƙa kuka, man ya tafasa, shi ma laifin kwali ne?

Direban Haya: Kullum direba. Ku ba ku taɓa laifi.

Ɗan Beljiyam: Ku bar wannan. Gara tsohon famfo na asali da aka ciro daga wata tarakta. Ƙarfen zamanin da ba irin na yanzu ba ne.

Bakaniken Dizal: Ɗan'uwa, an daina ƙera 165 tun 1975. Famfon da ake ce maka na asali ya sha shekaru yana juyawa. Tazarar da ke tsakanin giya da jikin famfo ita ce ƙarfinsa, in ta buɗe, mai yana ɗumi zai tsinke ya zille ta gefe. Shi ya sa ciwon ba ya nunawa da sanyin safiya.

Ɗan Beljiyam: Na asali ko ya tsufa ba a ce masa jabu.

Mai Shagon Kayan Tarakta: Gwanjo ne dai, ka faɗi sunansa.

Tsohon Bakanike: Yara, kun bar tarakta a gona kuna faɗa a kan suna. Alhaji, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A sa jak a ɗaga gaba, tayoyi biyu su bar ƙasa, inji a kashe, a juya sitiyari. In da nauyi a haka, ba maganar mai ba ce: kimfin ne, wato ƙarfen da tayar gaba ke karkata a kansa, ya bushe, ko boris ɗin ƙasansa ya mutu. A buga giris har tsohon ya fito. Tayar gaba ta samu iska wajen 30. Sannan a tayar da inji, a juya ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau goma don iska ta fita, a leƙa gwangwani. In mai yana kumfa, iska yake sha, a duba robar bakin gwangwanin. In mai yana raguwa ba a ga yoyo a ƙasa ba, a zaro gejin baƙin mai. Famfon nan giyar gaban inji ce ke juya shi, sil ɗinsa, robar da ke tare mai, in ya fashe cikin inji yake zubarwa, sai ka ga baƙin mai ya haura layi.

Direban Haya: Baba, ai man giya 90 ake zubawa, nan take sitiyari ya dawo.

Tsohon Bakanike: Ya dawo na mako guda. Mai kauri rufe ciwon yake yi, da sanyi kuma famfo ba ya samun isasshe sai ya yi ta gurnani. Jan man giyar otomatik ko man haidirolik na tarakta, shi ke nan. Man birki kuwa kada ya kusance shi, yana kumbura robobi duka.

Mai Ford 5000: Matsalar Massey ce. Ku dawo Ford ku huta.

Direban Haya: Wace gona Ford ta gama da Massey ba ta riga ta ba?

Mai Ford 5000: Auna ƙarfin ja tukuna.

Bakaniken Dizal: Ford ma famfo ne da bawul da silinda, datti ɗaya ke kashe su. Abin da zai raba gardama geji ne, na auna ƙarfin mai. A ɗaura shi a tiyon da ke fita daga famfo, mai auna matsi har bar 200, a bar mai ya yi zafi, a kai sitiyari ƙarshe na daƙiƙa biyu ko uku kawai, a karanta hagu da dama, a gwada da abin da littafin motar ya ce. In gefe ɗaya ne ya gaza, a duba saitin sandar da ke tura bawul a kan silinda. In fin da bushin ɗinta sun ci, hannu zai juya amma bawul ba zai buɗe sosai ba. In duka biyu ne, a sa makulli bayan geji a rufe shi na ɗan lokaci kaɗan. Allura ta hau, famfo lafiyarsa ƙalau, sil ɗin fistin ne ke zubar da mai a ciki. Ba ta hau ba, famfo ne ko bawul ɗinsa.

Mai Tarakta: Wanda ya ɗaura bai zo da geji ba, bai wanke komai ba. Amma ni har yanzu ban yarda da famfon ba.

Mai Shagon Kayan Tarakta: Kun ji da bakinsa.

Shugaban Zaure: To a tsaya nan. Abin da aka cimma: babu wanda ya kawo hujjar jabu. Kayan shago suna da kyau, mu da muke harkar mun sani, matsalar daga masu ɗaurawa ne da direbobi. Maganar Beljiyam ta faɗi. Alhaji ya sayi sabon famfo mai aji na ɗaya da filta, a wanke layi a ɗaura.

Tsohon Bakanike: Ba haka aka ce ba, Shugaba. Kada a sayi komai sai an ɗaga gaba an kuma sa geji.