Ƙwace ko daskarewa: kwantenar Alhaji Mamman da takardar lamunin banki

Alhaji Mamman, Kasuwar Dole: Assalamu alaikum. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, yau dai zan amayar da ita. A watan Yunin 2023 na buɗe takardar lamunin banki, wadda ƴan banki ke kira kiredok, domin kwantena guda ta batura da faifan sola daga Sin. Bankin ya riƙe kuɗina jingina, ya yi wa mai kaya alkawarin biya da zarar takardun lodin jirgi sun iso. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Nijar, ranar 30 kuma CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi. Takardu suka iso, ba a biya mai kaya ba, ba a maido mini da kuɗina ba, kwantena kuma tana jibge a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin tana tara kuɗin kwana. Ni ba gwamnati ba ne, ban yi juyin mulki ba, amma an ƙwace mini dukiya wata bakwai. Ina ganin bankin ne ya wajaba ya biya ni wannan asara.

Malam Isufu, tsohon ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji, amma kalmar ƙwace ba ta zauna daidai ba. Abin da aka ƙwace ya fita daga mallakarka, wanda aka daskarar kuwa yana nan da sunanka, motsi kawai aka hana shi. Kuma ko daskarewar ma ba ta faɗa kan kuɗinka ba, domin abin da aka ambata shi ne kadarorin gwamnatin Nijar a babban banki da na gwamnati da kamfanoninta a bankunan kasuwanci. Abin da ya tare ka shi ne dakatar da hada-hadar kuɗi. Mai kayanka ba ya karɓar sefa, dala yake so, bankinka kuwa ba ya samun kuɗin waje sai ta hannun BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai hedikwata a Dakar, da bankunan ƙetare da yake hulɗa da su, waɗanda da jin an ambaci takunkumi sukan ja da baya ko da dokar ba ta hau kansu ba.

Hajiya Zainabu, Zango: Malam Isufu, idan aka garƙame rumbunka aka tafi da makulli, sannan aka ce ka kwantar da hankalinka domin hatsin naka ne, me za ka kai wa iyali su daka? Ni da kaina na yi sammako zuwa banki a wancan lokaci, mai gadi ya rubuta mini lamba a guntun kwali, na tsaya har rana ta take, daga bisani aka miƙo mini abin da bai kai kuɗin lodin atamfa ɗaya ba, aka ce iyakar abin da za a iya fitarwa ke nan. Ku kira shi abin da kuka ga dama, a wurina ƙwace ne.

Sani, taranzita mai fitar da kaya daga kwastan: Hajiya ta gama magana. Ita kanta kalmar daskarewa daga Faransanci aka kwaso ta domin a sassauta munin abin, in ba haka ba wane kuɗi ne ke zama ƙanƙara a zafin Damagaram? Sai dai kada a ɗora wa bankunanmu laifi, su ma an ɗaure musu hannu. Kuɗin da darajarsa ke ɗaure da yuro, yuro ɗaya a kan kusan sefa 656, kuma makullinsa yana wajen ƙasa, dama ranar da aka so a shaƙe mu da shi za a shaƙe mu. Masu ƙwacen su ne waɗanda suka rufe iyaka suka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har magani ya yi wuya.

Malam Habu, Birni: Ƴan uwa, a fikihu ƙwace yana da ma'ana sananniya, wato karɓe dukiyar mutum da ƙarfi bisa zalunci. Alhaji da hannunsa ya miƙa kuɗin a matsayin jingina, ba wanda ya fizge daga aljihunsa. Saboda haka a yi hattara da jifan mutane da wannan kalma.

Hajiya Zainabu: Allah gafarta Malam, ya miƙa ne domin a biya mai kaya, bai miƙa domin a yi masa ajiya ba.

Laminu, Sabon Gari: Yaya Sani, ka iya lissafa laifin na waje, amma ka tsallake na gida. An ga abin da ya sami Mali daga Janairu zuwa Yulin 2022, irin wannan takunkumi ne sak, don haka wanda ya yi juyin mulki a 2023 ya san abin da zai biyo baya. Sannan CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma gadar Gaya da ke kan iyakarmu da Benin ta ci gaba da zama a rufe daga namu ɓangaren, har ya zama kaya sai sun zagaya ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar sojoji. Idan hana mutum kayansa ƙwace ne, wannan kuma wane suna za ka ba shi?

Sani: Sunansa tsaron ƙasa, ƙanena, kuma kowa ya san inda ka dosa tun kafin ka buɗe baki. Ba da ku za a yi maganar ƴancin ƙasa ba.

Malam Isufu: Ku bar ni in komo kan takardar. Ƙa'idojin kiredok da ake aiki da su tun 2007, waɗanda ake kira RUU 600, sun ce alkawarin banki ba ya warwaruwa, kuma yana da kwana 5 na aiki ya duba takardu. Amma sashe na 36 ya sauke masa alhakin abin da ya biyo bayan tsayawar aikinsa saboda yaƙi ko tarzoma ko wani dalili da ya fi ƙarfinsa. Ko takunkumi ya shiga wannan sashe, masana shari'a kansu suna jayayya. Da wani bankin ƙetare ya sa hannu ya tabbatar da takardar tun farko, da shi zai biya mai kaya, ya dawo yana bin bankin Alhaji bashi.

Laminu: To, Malam Isufu, tun da har ana jayayya, me ya sa kai ka yanke hukunci cewa ba ƙwace ba ne? Ko don gidan da ka ci abinci ne?

Sani: Tun da dare ya yi, bari in tattara abin da aka cimma. Mafi yawanmu sun yarda ƙwace aka yi, kuma CEDEAO da masu zuga ta ne suka yi shi. Malam Isufu da kansa ya tabbatar da cewa makullin kuɗinmu yana Dakar, bankunanmu kuma ba su da laifi bisa sashen da ya kawo. Malam Habu ya yi nasiha, mun gode. Maganar Gaya ba ta cikin abin da aka taru a kai.

Alhaji Mamman: Malam Isufu bai ce ba su da laifi ba, cewa ya yi ana jayayya. Mai kayana dai yanzu ba ya karɓar takardar bankinmu, sai na bi ta hannun ƴan canji a Kano na biya shi tun kafin ya yi lodi. Rasiɗin kuɗin kwanan Kwatano kuma yana nan cikin akwatina, wa zan kai wa?